Yaran Kumasi a Ɗakin Goro

Litinin, 6 ga Yuli 1970, Parakou

An rufe lakwal, makarantar da nake koyarwa, babban hutu ya kama. Na share allo, na mayar wa dirakte, shugaban makarantar, makulli. Jibi in Allah ya kai mu zan tafi Djougou, gidan Kawu Mahamadu, ƙanin mahaifiyata.

Abduljalil bai hana ba. Da na gaya masa ya ce, "To, ki gaishe su," ya ci gaba da cin tuwonsa. Haka muke yanzu ni da mijina. Shi da aikinsa na tashar jirgin ƙasa, ni da ajina. Babu faɗa, babu hira.

Abin da zai kai ni: tun watan Disamba da gwamnatin Gana ta kori baƙi, gidan Kawu ya cika da danginmu na zangon Kumasi. Cikinsu har da ɗansa, Yaya Awalu, da matarsa Habiba, da 'yarsu Safiyatu. An aiko mini cewa yarinyar ba ta ƙara magana ba tun ranar da suka sauka daga kamiyo, babbar motar kayan da ta kwaso su. Shekararta takwas.

A ƙaramin hutun da ya wuce an tura mu sitaj, wato ɗan kwas, a Cotonou, mu malamai 'yan kaɗan. Wata likitar yara da ta zo daga Dakar ta nuna mana yadda ake jinyar yaro da wasa. Ta ce abin da bakin yaro ya kasa ɗauka, hannunsa yana iya ɗauka. A ba shi ɗaki da yashi da 'yan tarkace, babba ya zauna ya yi shiru. Kada a tambaye shi, kada a gyara masa. Sauran malaman dariya suka yi ta yi a jirgi muna dawowa. Ni ban yi ba. Amma ban taɓa gwadawa ba.

Laraba, 8 ga Yuli, Djougou

Hanya duk taɓo. Bayan la'asar muka iso.

Tsakar gidan da na sani da faɗi yanzu igiyoyin shanya ne da murhu-murhu. Kowane ɗaki iyali guda. Inna Iyatu, matar Kawu, ta rame a bakin tukunya.

Yaya Awalu taubashina ne. Da can in ya zo daga Kumasi tun daga zaure yake fara tsokanata, wai ina matarsa 'yar lakwal. Yau ya ce, "Luba, kin zo lafiya?" Shi ke nan. Mutumin da yake da rumfar goro tasa da masu yi masa dako, yanzu yana bakin zaure yana jan carbi.

Na yi wa Habiba gaisuwar jaririnta Zailani, wanda ya rasu a hanya. Ta ce, "Allah ya karɓi abinsa," ta ci gaba da tankaɗe.

Safiyatu na jikin bangon madafa. Tana zaune, hannuwanta biyu a kan cinya, tafin yana kallon sama. Siririya, kitsonta ya tsufa har ya dunƙule. Na durƙusa na ce, "Safiya, ni ce Gwaggo Luba." Idonta ya zo kaina ya wuce.

Alhamis, 9 ga Yuli

Na yi wa Kawu bayani. Ya ce, "Wasa kuma? Yaro ake koya wa wasa?" Na ce ba koya musu zan yi ba, wuri kawai zan ba su. Ya ce ana karɓo wa Safiyatu rubutu wurin malam. Na ce a ci gaba, nawa ba ya hana nasa.

Ya daɗe yana tauna goro. Can ya ce, "Ɗakin goro babu komai a ciki. Tun da hanyar Kumasi ta mutu babu huhun da ya shigo gidan nan. Ki ɗauka."

Asabar, 11 ga Yuli

Na share ɗakin. Har yanzu yana warin ganyen da ake naɗe goro. Na ɗebo yashi daga rafi a tsohon daro, na sayo yumɓu wurin masu ginin tukwane. Totuwar masara, gwangwanayen sardin da na tumatir, marafan kwalba, tsummoki daga wurin tela. A Cotonou likitar tana da 'yan tsana na roba da ƙananan gidaje masu fenti. Nawa kamar juji aka kwaso aka shigo da shi ɗaki.

Litinin, 13 ga Yuli

Ranar farko. Yara shida, duk haihuwar Kumasi. Suka shigo suka jeru a tabarma, suka harɗe hannu, suna jiran karatu. Na ce duk abin da ke ɗakin nan nasu ne, kowa ya yi abin da ya ga dama. Babu wanda ya motsa. Babbansu, Ɗanbala, jikan wata ƙanwar Inna, ɗan shekara goma, ya ce, "Madamu, in mun taɓa za a doke mu?" Na ce a'a. "In ya fashe fa?" Na ce ko ya fashe.

Bai yarda ba. Haka muka zauna har azahar, ina kallon yashi, suna kallona. Ajina na Parakou da duk hayaniyarsa bai taɓa gajiyar da ni haka ba.

Safiyatu ba ta zo ba. Ban aika a kira ta ba. An ce kada a tilasta.

Alhamis, 16 ga Yuli

Ruwa tun asuba. Ɗakin yana yoyo ta gabas. Babu wanda ya zo.

Litinin, 20 ga Yuli

Sun fara. Da ma ba su fara ba.

Ɗanbala ya jera gwangwanayen sardin a yashi ya ce kamiyo ne. Suka mulmula mutane da yumɓu suka cusa ciki har wasu na faɗowa. Sai ya ɗauki kara ya sa a hammata, ya canza murya irin ta ɗan sandan Gana mai neman takarda: "Pepa! Ina pepa?" Ƙananan suka fara roƙo, rabi da Hausa rabi da harshen Asanti, irin roƙon da suka ji iyayensu sun yi. Wata 'yar mitsitsiya, Zinatu, ba ta fi shekara biyar ba, ta durƙusa tana cewa, "A nan aka haife ni, ranka ya daɗe, a nan aka haifi babana." Ya taka mutumin yumɓunta da diddige.

Bakina ya buɗe zan ce ya isa. Na rufe. Na danne hannuwana a ƙarƙashin cinya.

Da suka gama suka fita da dariyarsu neman ƙosai. Ni ce na kasa cin abinci.

Laraba, 22 ga Yuli

Wasan kora kuma. Kullum shi. Kullum Ɗanbala ne ɗan sanda, ba ya yarda wani ya karɓa.

Yau na ga inuwa a bakin ƙofa. Safiyatu ce. Ba ta shigo ba, ƙafa ɗaya dai a kan dokin ƙofa. Ban juya sosai ba don kada ta gudu.

Asabar, 25 ga Yuli

Yaya Awalu ya ji. Ya zo wucewa daidai lokacin da Ɗanbala ke ihun pepa. Ya shigo ya fizge karan ya karya. Bai doki kowa ba. Yaran suka watse.

Ya ce, "Luba, abin da muke roƙon Allah ya mantar da mu, shi kika zo kina tonawa? Ilimin naki ke nan?" Na ce, "Yaya, ba ni na sa musu shi ba, yana cikinsu." Ya ce, "To ki bar shi a cikin." Ya fita da guntayen karan a hannu.

Da yamma Kawu ya kira mu ya yanke: a ci gaba, amma a rufe ƙofa, kuma babu ihu. Duk da haka mata biyu sun janye 'ya'yansu, har da Zinatu.

Wataƙila shi ke da gaskiya. 'Yan kwanakin sitaj ne duk jarina. Likitar ta koma Dakar, babu wanda zan tambaya.

Laraba, 29 ga Yuli

Direban da ke zuwa daga Parakou ya kawo mini kwalin sukari da sabulu, in ji Abduljalil. Na ce bai ba ka wani saƙo ba? Ya ce a'a, ya dai ce a ba ki.

Na ga Inna tana ba Safiyatu rubutu. Ta shanye ba musu. Duk abin da aka ba ta tana sha, duk inda aka ajiye ta tana zama. Inna ta ce da za ta yi ƙiwuya ko sau ɗaya da hankalinta ya kwanta.

Asabar, 1 ga Agusta

Bikin samun 'yanci, shekara goma. 'Yan lakwal na gari sun yi maci da tuta suna waƙa da Faransanci. Yaran Kumasi na gefen hanya, ba sa jin ko kalma. Dendi, harshen garin, shi ma ba sa ji. 'Yan unguwa na kiran su 'yan kora.

Ɗanbala ya ce, "Madamu, nan ma za su iya cewa mu tafi?" Na ce a'a, nan gidan kakanninka ne. Ya ce, "Can ma haka Baba ya ce."

Talata, 4 ga Agusta

Ta shigo.

Bayan sauran sun tafi ne, ina tsince marafan kwalba. Ban ji takunta ba. Ta wuce yashi, ta wuce gwangwanaye, ta ɗauki totuwa guda. Ta tona cikin tsummoki ta zaɓo fari, ta naɗe totuwar ta bar kan a waje. Ta zauna ta jingina da bango, ta ɗora ta a kan hannuwanta biyu.

Shi ke nan. Ba ta jijjiga ba, ba ta yi mata waƙa ba. Zaman da take yi jikin bangon madafa ne dai, sai dai yau hannun ba fanko ba ne. Sai yanzu na gane zaman.

Har aka kira la'asar. Ta ajiye a hankali ta fita.

Juma'a, 7 ga Agusta

Kullum tana zuwa, kullum bayan kowa ya watse. Totuwar nan, tsumman nan. Jiya ina shara na canza wa totuwar wuri ba da gangan ba. Ta tsaya tsakiyar ɗaki ta ƙi motsawa har na nuna mata inda take.

Lahadi, 9 ga Agusta

Na sami Habiba tana wanki bakin rijiya. Na ce ko za ta zo ta zauna a ɗakin ko sau ɗaya, ba sai ta yi komai ba. Ta ce aiki ya yi mata yawa. Na nace. Ta matse zanen da ke hannunta, ba ta dube ni ba ta ce, "Ke da ba ki haihu ba, me kika sani a kai?"

Tana Kumasi lokacin da nawa ya faru, ba ta ji ba.

Na haihu. Daminar bara waccan, a Parakou. Namiji. Bai yi kuka ba. Ungozoma ta naɗe shi ta fita da shi kafin in ɗaga kai, aka ce gara kada in gani. Abduljalil ya ɗauke shi, shi da maza biyu suka kai shi. Ba a raɗa masa suna ba. Tun daga nan in an yi haihuwa a unguwa sai in aika da sabulu, in ce kaina ke ciwo.

Ban taɓa rubuta wannan ba. Ba zan sake ba.

Alhamis, 13 ga Agusta

Safiyatu ta ƙara wani abu. Ta cika gwangwani da mutanen yumɓun da sauran suka bari, ta ajiye kusa da ƙafarta. Ta zaro guda babba, mai siffar mace, ta kwantar a gefe. Ta koma ta zauna da totuwarta. Can sai ta kai kunne kan totuwar. Ta ɗago ta dubi wadda ke kwance. Ta miƙa yatsa kamar za ta taɓa ta, ta janye. Ta sake kai kunne.

Ban san sau nawa ta yi ba.

Likitar ta ce in ya zama dole a yi magana, a faɗi abin da ido ke gani kawai. Na ce, "Kina so ki tashe ta." Ta daskare. Nan take na yi da-na-sani. Amma ba ta fita ba.

Talata, 18 ga Agusta

Habiba ta same ni bayan gida ina fere doya. Ta zauna ta ɗauki wuƙa. Inna ce ta gaya mata nawa, na sani, don ta fara da, "Ban sani ba, Gwaggon Safiya. Ki yafe ni."

Sai ta yi ta magana tana fera, ba ta ɗago ba. Kwanaki suka yi a bakin iyakar Togo, a cikin kamiyo, ana jiran a bar su su wuce. Ruwan da suka ɗauko ya ƙare, suka sha na rami. Zailani ya kama zawo, ita kuma zazzaɓi. Da motar ta tashi jiri ya ɗebe ta, ta miƙa wa Safiyatu yaron ta ce ta riƙe, ta kwanta a kan kaya. Awalu yana can sama tare da maza. Ba ta farka ba sai da rana ta yi sanyi. Ta tarar da yarinyar zaune yadda ta bar ta, yaron a hannunta, ya riga ya sandare.

"Na ce mata, da rai na ba ki shi. Abin da na ce ke nan. A gaban mutane."

An binne shi gefen hanya, a wani ƙauyen da ba ta san sunansa ba.

Na ce ta gaya wa yarinyar ba laifinta ba ne. Ta ce, "In na dube ta shi nake gani. Hannuna ba ya zuwa." Sannan ta ce tana da ciki.

Doyar da muka fere ta fi ƙarfin tukunya. Inna ta yi faɗa.

Alhamis, 20 ga Agusta

Yanzu na sani. To sai me? Wannan ba a koya mana ba.

Litinin, 24 ga Agusta

Ɗanbala ya ce ya gaji da zama ɗan sanda. Ya miƙa karan, babu wanda ya karɓa. Suka ɗan zauna, sai suka buɗe kasuwa. Marafan kwalba su ne goro, ja da fari, suna ciniki da muryar manya. Ɗanbala ya ce rumfarsa ta fi ta kowa, kuma ba ya ba da bashi.

Ni na yi wannan, ko gajiya ce kawai irin ta yara? Ban sani ba.

Laraba, 26 ga Agusta

Kawu ya tara mu a zaure. Yaya Awalu zai tafi Malanville neman abin yi a kasuwa. Habiba za ta zauna nan har ta haihu. Safiyatu kuma za a kai ta Kolokondé wurin Yaya Ummuhani, yayar Awalu, da ke aure can cikin manoma. Wai mai ciki ba ta son abin da ke tayar mata da hankali, wai iskar ƙauye za ta karɓi yarinyar.

Na ce a bar ta har ƙarshen hutu, ta fara samun sauƙi. Kawu ya ce, "Ta yi magana?" Na ce a'a. Ya buɗe hannuwansa.

Sai na ji bakina ya ce a ba ni ita in tafi da ita Parakou. Ban shawarci Abduljalil ba. Ban shawarci kaina ba. Yaya Awalu ya dube ni, karo na farko da tausayi tun zuwana, ya ce, "An riga an yi wa Ummuhani alkawari, Luba. Da kin faɗa da wuri."

Ƙarshen sati mai zuwa mijinta zai zo ɗauka.

Asabar, 29 ga Agusta

Ta yi magana.

Tana zaune da totuwar, ni ina gefe ina murza yumɓu don hannuna ya sami abin yi. Ba na kallonta. Muryar ta fito a shaƙe.

"Gwaggo, ya yi nauyi."

Na ce, "Ya yi nauyi."

"Da farko ba nauyi."

Na ce na ji. Na jira, ba ta ƙara ba. Sai na karya dokar likita. Na ce, "Ciwo ne ya ɗauke shi, Safiya. Tun kafin a ba ki shi ciwon yana jikinsa. Ko a hannun wa yake da haka za a yi." Ban san ko ya shiga ba. Ba daga bakina take jiran sa ba.

Na je wurin Kawu har ina tuntuɓe. Ya ce alhamdu lillahi, ko rubutun malam ne ko wasanki, duk Allah ne. Ya sa aka kira ta, aka ce ta gaishe shi. Ba ta buɗe baki ba. Ya ce, "Maganar Kolokondé ta riga ta fita, Lubabatu. Ba na mayar da ita."

Talata, 1 ga Satumba

Na gaya wa Habiba kalmomin yadda suke, ban ƙara ba ban rage ba. Ta ajiye muciya ta shige ɗaki.

Da la'asar sai ga ta a ɗakin goro. Ta zauna a dokin ƙofa, rabin jikinta a waje. Safiyatu ta gan ta. Sun daɗe haka. Yarinyar ta tashi da totuwar a hannu biyu, ta taka har gaban uwar, ta miƙa.

Habiba ta dubi abin. Totuwa ce da tsumma. Ta ce, "Me zan yi da wannan?" Ba da faɗa ta faɗa ba. Amma ba ta karɓa ba. Ta tashi ta tafi tana dafa bango.

Yarinyar ta tsaya da hannu a miƙe. Ni na karɓa. Ban san ko daidai ne ba. Na zauna da ita a cinya har aka kira magariba, Safiyatu na gefena.

Laraba, 2 ga Satumba

Ban buɗe ɗakin ba. Kaina.

Alhamis, 3 ga Satumba

Da safe na fito na ga Habiba zaune a kan turmi, Safiyatu a tsakanin ƙafafunta, tana tsefe mata tsohon kitson. Gashin ya cure, dole ta yanke wasu wurare da almakashi. Ta shafa man kaɗanya, ta raba, ta fara kitsawa ƙanana-ƙanana, irin wanda ke daɗewa. Inna ta ja ni madafa ta ce kada in tsaya kallo.

Kitson tafiya ne, na sani. Amma hannun ya je.

Asabar, 5 ga Satumba

Mijin Yaya Ummuhani ya zo da keke. Ya sayar da doyarsa, ya ɗaure ƙullin kayanta a gaba, ya ɗora ta a baya. Na kawo mata totuwar cikin tsummanta. Ta dube ta, ta girgiza kai. Ko ta gama da ita ne, ko ta bar mini, ko ta daina sa rai. Likitar Dakar wataƙila za ta sani. Wataƙila ita ma ba za ta sani ba.

Habiba ba ta fito zaure ba. Yaya Awalu ya raka su har bakin hanya, ya dawo ya shige masallaci, bai fito ba sai bayan azahar.

Ba ta waiwayo ba. Ta riƙe rigar mutumin da hannu biyu.

Alhamis, 10 ga Satumba

Yara uku suka rage. Suna faɗa a kan marafan kwalba kamar kowane yaro. In sun tafi nakan ɗan ƙara zama, ban san wa nake jira ba.

Yaya Awalu ya tafi shekaranjiya. Da zai hau mota ya ce, "Luba, ki yi haƙuri da ni." Ban ce na yi ba, ban ce ban yi ba.

Talata, 15 ga Satumba

Kawu yana son ɗakinsa, sabuwar doya ta shigo. Na juye yashin a tsakar gida inda ruwa ke kwanciya. Ɗanbala ya roƙi gwangwanayen, na ba shi. Za a sa shi lakwal, aji na farko, cikin 'yan shekara shida. Ya ce zai jure.

Wani da ya zo kasuwa daga Kolokondé ya ce yarinyar tana cin abinci, tana bin Ummuhani gona. Na ce magana fa? Ya ce bai lura ba.

Kawu ya ce, "Baɗi za ki dawo?" Na ce ban ga amfanin da na yi ba. Ya ce, "Ba shi na tambaye ki ba."

Asabar, 19 ga Satumba, Parakou

Na iso. Kamiyon ya cika har ba wurin miƙe ƙafa. A mararrabar Partago wata mata ta hau da kwandon kaji, da jaririya, da wani yaro da ya fara amai tun kafin mu tashi. Ta miƙo mini jaririyar ba tare da ta tambaya ba, kamar yadda ake yi. Na so in ce hannuna na ciwo. Kafin in faɗa tana kan cinyata.

Ta yi barci. Duk ramin da muka faɗa sai in kai bayan yatsana ƙarƙashin hancinta. Ɗumi. In janye. In sake. Uwar ta gan ni ta yi dariya, ta ce da Dendi tana nan, ba inda za ta. Tun rabin hanya yaron ya daina amai, uwar ta miƙo hannu za ta karɓa. Na ce ta bar ta kada ta farka.

Abduljalil yana tashar mota. Ban aika masa da rana ba, ya ce kwana biyun nan yakan leƙo in ya tashi aiki. Ya gan ni ina saukowa da 'yar mutane a kafaɗa. Ya tsaya cak. Na miƙa wa uwar, ya ɗauki jakata, muka taho.

A hanya ya ce, "Hannunki ya sage?" Na ce e. Muka ɗan yi tafiya. Na ce, "Namu, da ka ɗauke shi, yana da nauyi?"

Muka tsallake layin dogo. Ya ce, "Kaɗan. Gashinsa irin naki ne."

Ban tambayi sauran ba. Shi ma bai ƙara ba, amma ya rage sauri.

Ba wani abu ba ne, uwar ce hannunta ya cika. Rigata har yanzu tana warin nono. Ban wanke ba tukuna, ruwa ne babu a randa.